Wa Ke Sa wa Manajan Darakta Ido? Haƙƙin Mai Hannun Jari a Dokar Kamfanoni

Kawuna tsohon malamin firamare ne, yana zaune a Fadaman Mada. A ƙasan akwatin tufafinsa akwai wata jakar leda cike da takardun hannun jarin da ya saya a 2007, lokacin da ma'aikatan bankuna ke bin mutane har ofis da fom. Duk shekara akan aiko masa da littafin rahoto mai kauri da takardar gayyatar taro. Littafin wajen mai ƙosai yake ƙarewa. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Ɗana, bana nawa za su ba mu?" Rannan na ce masa, "Kawu, kafin a zo kan nawa, ka san su wa ke riƙe maka kuɗin?" Ya yi dariya, ya ce wannan ai maganar manya ce.

Mu 'yan Bauchi mun fi kowa dalilin damuwa da wannan tambaya. Bankin Inland, wanda a da hedikwatarsa take nan garin, yana cikin waɗanda suka haɗe suka zama First Inland lokacin garambawul ɗin bankuna na Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, daga baya aka koma kiransa FinBank. Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, har da FinBank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Dalilin da babban bankin ya bayar shi ne basussukan da ba sa dawowa da raunin shugabanci. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, amma masu hannun jari suna kallo darajar jarinsu ta narke. Dukkan bankunan nan suna da hukumar daraktoci, kuma ba ta hana komai ba.

Gyaran da ya biyo baya yana cikin takardu biyu. Akwai Dokar Kamfanoni, wadda ake kira CAMA, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. Akwai kuma kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018 da FRC, hukumar da ke kula da rahotannin kuɗi na kamfanoni, ta fitar, mai ƙa'idoji 28. Ta farkon doka ce, wanda ya karya ta sai hukunci. Kundin kuwa yana neman kamfani ya yi aiki da ƙa'idar, sannan ya bayyana a rahotonsa na shekara yadda ya yi aiki da ita. Wato wancan littafin na mai ƙosai.

Abu na farko da dokar ta yi shi ne raba kujeru. A kamfanin da jama'a ke da hannun jari, shugaban hukumar daraktoci ba zai zama kuma shi ne babban jami'in gudanarwa, wato manajan darakta, ba. Ko a adashi ba a bar wa uwar adashi ta karɓi zubi ita kuma ta tabbatar da lissafin kanta. Kundin 2018 ya ƙara da cewa manajan daraktan da ya sauka kada ya zagayo ya hau kujerar shugaban hukuma sai ya huta shekara 3. Haka kuma dokar ta ce mutum ɗaya ba zai zama darakta a irin waɗannan kamfanoni sama da 5 ba.

Sai daraktoci masu zaman kansu, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne kuma ba su da wata hulɗar kuɗi mai ƙarfi da shi. Dokar 2020 ta ce aƙalla 3, sai gyaran 2023 ya mai da su kashi ɗaya bisa uku na hukumar. Kundin ya taƙaita zamansu zuwa shekara 9, domin wanda ya daɗe yana cin tuwo da manaja, nauyin bakinsa yake ji. A nan ne nake da shakku. Doka tana iya auna yawan hannun jarin mutum da kwangilarsa, amma ba ta da ma'aunin abota ko surukuta. Idan mai kaso mafi tsoka ne ya kawo sunanka, kuma shi zai sake kawo shi bayan shekara uku, ranar da ya zo da buƙata kunya za ta yi aikinta. Mun san yadda alkunya take a wajenmu.

Shi ya sa na fi ba kwamitin binciken kuɗi muhimmanci. Sashe na 404 na CAMA ya ce mutum 5 ne: 3 daga cikin masu hannun jari, 2 daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Masu hannun jari ne ke da rinjaye ke nan. Duk mai hannun jari yana iya gabatar da sunan wani ɗan'uwansa mai hannun jari ta hanyar rubuta wa sakataren kamfani, kwana 21 kafin taron shekara. Sharaɗin shi ne 'yan kwamitin su iya karanta lissafin kuɗi, ɗaya kuma ya kasance ɗan ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Akantoci nawa muke da su da suka yi ritaya a Bauchi, suna zaune a majalisa da hannun jari a aljihu?

Yanzu ga tambayar kawu. Daraktoci ne ke ba da shawarar ribar da za a raba, taron masu hannun jari kuma yana da ikon ragewa, ba shi da ikon ƙarawa. Ba a kuma rabawa sai daga ribar da aka samu da gaske. Mutane na ganin wannan kamar rowa ce. Manomin da ya sayar da irinsa a kaka zai fi maƙwabcinsa kuɗi a ranar kasuwa, sai damina ta faɗi a ga bambanci. Kamfanin siminti da ya raba duk ribarsa bai gyara tukunyar ƙona dutse ba, ko bankin da ya ɓoye bashin da ya lalace don lissafin bana ya yi kyau, irinsa yake ci. Manajan da ake ba lada bisa ribar shekara ɗaya kuwa yana da dalilin yin haka, tunda kafin abin ya fashe ya tafi. Don haka kundin ya nemi a ɗaura ladan manyan jami'ai da nasarar dogon lokaci, a kuma iya ƙwato shi idan ta bayyana da lissafin ƙarya aka same shi. Amma riƙe riba ma yana iya zama mafaka. Idan shekara biyar ana riƙewa, babu sabuwar masana'anta, babu ƙarin ciniki, sai albashin daraktoci ke hawa, wannan tambaya ce ta zauren taro.

Zauren ma ya matso kusa. Dole a ba da sanarwar kwana 21, kuma tun gyaran 2023 ana iya yin taron ta intanet, ba sai an hau motar Legas ba. Wanda ba zai halarta ba yana iya naɗa wakili, ko da wakilin ba shi da hannun jari. Masu kashi ɗaya bisa goma na jarin kamfani in suka haɗa kai suna iya tilasta a kira taro, kuma rinjaye mai sauƙi ya isa a tsige darakta.

Ribar da ba a karɓa ba kuma, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce in ta kai shekara 6 za a mai da ita asusun amana na gwamnatin tarayya, mai ita yana iya nema daga baya. Da muka zazzage jakar kawu mun samu tsofaffin takardun riba da bai taɓa kaiwa banki ba. Ranar Litinin muka je ya cike fom ɗin da za a riƙa turo masa kai tsaye asusunsa. Littafin bana kuma yana hannuna, na naɗe shafin da aka jera sunayen daraktoci da yawan zaman da kowannensu ya halarta.