Dokar fyaɗe ta Kaduna: maganar dandaƙa, shaidu huɗu da batun "a bari a yi sulhu a gida"

Jama'a wai ni ina muke samo labaran nan ne? Kwanakin baya wani abu ya faru a wata unguwa kusa da mu, yarinya ce ƴar shekara tara, wanda ake zargi kuma maƙwabci ne da suke katanga ɗaya, kafin la'asar mata sun cika tsakar gidan kowa da irin fatawarta, wata ta ce in aka kai ƙara gobe-gobe za a dandaƙe shi alhakin yana wuyanku, wata ta ce ai sai da shaidu huɗu in babu ku za a ɗaure, wata kuma ta ce asibiti ba sa taɓa yarinya sai da takardar ƴan sanda. A ƙarshe dai ruwan zafi aka dafa aka gasa yarinyar, aka wanke wandonta da Omo aka shanya, maza suka zauna a zaure aka ce a rufa asiri. Shi ya sa na ce bari in ɗan warware abin da dokar ta ce, dan duk maganganun nan uku ba haka suke ba.

A watan Satumba na 2020 ne gwamnan lokacin Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, ta jihar Kaduna, watanni kaɗan bayan gwamnonin Najeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni. Dokar ta shafi yaro mace ko namiji, mai laifin ma namiji ne ko mace duk ta hau kansa. In wanda aka yi wa bai kai shekara 14 ba, hukuncin namiji dandaƙa ce da kisa, mace kuma a cire mata bututun ƙwai da kisa. In ya haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Kafin gyaran, ɗaurin rai da rai ne ga wanda ya taɓa yaro, shekara 21 ga wanda ya yi wa babba.

To nan ne tsoron yake, kuma na fahimta. Amma fa kai da ka kai rahoto ba kai ka yanke wa kowa hukunci ba. Ɗan sanda ba ya dandaƙa, DPO ba ya yi, hatta majistare da ake fara kai mutum gabansa ba shi da hurumin sauraren shari'ar fyaɗe, aikinsa ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a, su ne za su duba fayil su ce akwai hujja ko babu, sannan a tafi Babbar Kotu, a kawo shaidu, shi ma ya kawo lauyansa ya kare kansa, in an same shi da laifi yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Abu ne na watanni, sau da yawa ma shekaru. In kuma wanda ya aikata shi ma yaro ne, dokar ta ce a bi da shi ta dokar yara, ba wannan hukuncin ba.

Ni dai a nawa ganin, tsananin hukuncin nan yana da nasa illar. Mafi yawan masu wannan aika-aikar ba baƙi ba ne, kawu ne, ɗan haya ne, mai shagon bakin layi ne da yake ba ta alawa, wani lokacin malamin da aka damƙa masa amana. Uwa in ta ji kalmar kisa a kan ƙanin mijinta sai ta haɗiye maganar, dan ta san aurenta ne zai fara mutuwa. Ba wai ina tausayin mai laifi ba ne, wallahi ko kaɗan, amma dokar da ta sa mutane yin shiru yarinyar ce ta biya kuɗinta.

Batun shaidu huɗu kuwa, wannan sharaɗin haddin zina ne a fiƙihu, ba shi Babbar Kotu take nema ba a shari'ar fyaɗen yaro. Abin da gyaran 2020 ya ce shi ne in yaron bai kai 14 ba dole a samu rahoton likita da zai ƙarfafa maganar. Dokar shaida ta 2011 ma haka ta tafi, yaro ƙasa da 14 zai iya ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, amma ba a ɗaure mutum da bakinsa kaɗai sai an samu wata hujja ta goya masa baya. Kun ga kenan ruwan zafin nan da wankin wandon nan, da kyakkyawar niyya aka yi su, amma shaidar ce aka wanke aka zubar a kwata. Kar a yi mata wanka, kar a wanke kayan, a naɗe su a takarda ko ambulan ba a leda ba dan leda tana riƙe danshi ta lalata su, a kama hanyar asibiti.

Kuma ko ba dan kotu ba, akwai maganin kariya daga cutar HIV da ake fara sha cikin awa 72, bayan kwana uku ya wuce ba ya aiki, in yarinyar ta fara al'ada akwai na hana ɗaukar ciki wanda shi ma kwanakinsa biyar ne. Duk kwanan da aka ɓata a zaure ana "a yi haƙuri ɗan uwa ne" daga cikin waɗannan awannin ake cirewa.

Ina za a je? A Kaduna akwai cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, Gambo Sawaba a Zariya, da na Patrick Yakowa a Kafanchan. A Kano akwai irinta, cibiyar Waraka, cikin asibitin Murtala. Kyauta ake dubawa, a ba da magani, a rubuta rahoto, akwai masu zama da yaro da uwar su kwantar musu da hankali, kuma za ka iya fara zuwa can kai tsaye su haɗa ka da ƴan sanda daga baya. In gari ya yi nisa, babban asibiti mafi kusa. Ɓangaren shari'a kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a ofishin ƴan sanda kuma ka nemi teburin da ke kula da mata da yara. Ba sai uba kaɗai ke da ikon kai rahoto ba, uwa, malamar makaranta, maƙwabciya, duk za su iya.

Sulhu fa? Fyaɗe laifi ne tsakanin mutum da gwamnati, ba bashi ba ne da mai unguwa zai raba. Kuɗin magani da aka karɓa a zaure ba ya goge laifin, babban lauyan jiha ne kaɗai ke da ikon janye irin wannan ƙara. Abin da sulhun ke yi kawai shi ne iyaye su daina zuwa kotu, shaidu su ɓace, shari'a ta mutu da kanta, shi kuma ya dawo layin yana wucewa ta gaban yarinyar kullum in za ta Islamiyya.

Sai dan Allah masu waya, a daina ɗora hoton yara da sunan unguwarsu a Facebook da sunan neman adalci, hoton nan zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. In yarinya ta buɗe baki ta faɗa miki, kar ki kai mata duka, kar ki ce "me ya kai ki ɗakinsa", kar a tara dangi kowa ya sa ta maimaita. Ki saurara sau ɗaya, ki ce mata na yarda da ke kuma ba laifinki ba ne, ki riƙe kalmomin da ta faɗa yadda ta faɗe su da rana da lokaci, ki ɗau mayafinki ku tafi.