Bizar karatu ba takardar aiki ba ce

An daɗe ana cewa duk wanda ya samu bizar karatu a Turai ko Amurka kakarsa ta yanke saƙa: zai yi aiki yadda ya ga dama, gwamnati kuma ta riƙa ba shi tallafi. Ba laifin masu faɗa ba ne, tunda masu dawowa hutu ba kasafai suke ba da labarin wahala ba.

A Ingila, awa 20 kacal aka yarje wa ɗalibin digiri ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu, mai kwas ɗin ƙasa da digiri kuma awa 10. Daga Litinin zuwa Lahadi ake lissafin makon, kuma ba a tarawa: in ka yi awa 12 wannan makon, ba ka bin bashin awa 8 a mako mai zuwa. Sana'ar kai ma an hana. Sai lokacin hutu ake yin cikakken aiki. Tallafin haya ko na rashin aiki kuwa, bizar ta haramta. Asibitin da ake cewa kyauta ne, ai ka biya kuɗinsa tun ranar neman biza.

A Amurka, shekarar farko galibi aikin cikin makaranta kawai ake yi.

Kafin a sayar da fili don kuɗin tafiya, a karanta sharuɗɗan a shafin gwamnatin ƙasar, wanda a Ingila adireshinsa ke ƙarewa da gov.uk, a kuma rubuta wa ofishin ɗaliban ƙetare na makarantar. Don Allah a tura wa masu shirin tafiya da iyayensu.