Kumburin ganɗa a ƙarƙashin haƙoran roba ga masu ciwon suga: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ke haddasa jan da ake gani a ganɗa idan an cire haƙoran roba?

Galibi wani nau'in yisti ne mai suna Candida albicans, wanda yake zaune a bakin mutane da yawa ba tare da ya cutar da su ba. Sai ya samu ɗumi da danshi da wurin ɓuya yake hayayyafa, kuma babu inda ya fi ba shi waɗannan kamar tsakanin farantin haƙoran roba na sama da ganɗa, inda yawu ba ya ratsawa ya wanke. Idan mutum ya cire haƙoran ya duba madubi, zai ga wurin ya yi jawur daidai da siffar farantin, kamar an buga masa hatimi. Wani lokaci gefen baki ma yakan tsage ya riƙa zafi idan an wage shi.

Me ya sa abin ya fi damun mai ciwon suga?

Dalilan uku ne, kuma suna ƙarfafa juna. Idan suga ya hau a jini yakan ƙaru a cikin yawu, wanda hakan abinci ne ga yistin. Sannan ciwon kan busar da baki, alhali yawu ne ke wanke ƙwayoyin cuta, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke hana su yaɗuwa. Na uku, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cututtuka ba sa aiki yadda ya kamata idan suga ya daɗe a sama. Shi ya sa likitan haƙori mai lura, idan ya ga cutar tana tafiya tana dawowa, yakan tura mutum gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Shan taba da maganin asma na shaƙa mai ɗauke da sitiroyid su ma suna ƙara buɗe mata ƙofa.

Cutar tana da zafi?

Sau da yawa ba ta da shi, kuma wannan ne ke sa a daɗe ba a gano ta ba.

Idan an sha magani, me ya sa take dawowa?

Domin an yi wa baki magani an bar haƙoran. Robar da ake yin su da ita tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, inda yistin ke manne ya yi yauƙi, don haka duk wanda ya gama magani ya mayar da farantin da bai tsabtace ba, ya mayar da cutar da hannunsa. Wajibi ne a cire haƙoran kowane dare, a goge su da burushi mai laushi da sabulu, ba da man goge baki ba, saboda yana kankare robar ya ƙara mata ramuka. A jiƙa su a ruwan kulohekzidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko wanda likita ya ba da, amma kada a sa masu ƙarfe a bilic, kada kuma a zuba musu tafasasshen ruwa domin yana lanƙwasa su. Akwai masu jin nauyin kwana ba haƙora a gaban iyali, abin fahimta ne, sai dai a ganina wannan ɗabi'a ita ce ta fi komai raya cutar. Farantin da ya yi sako-sako yana gugar ganɗa kuwa, gyara yake buƙata ko sauyi.

Akwai abin da mai ciwon suga zai kiyaye game da magungunan?

Akwai. Ana amfani da nistatin, ko mikonazol na shafawa, ko ƙwayar fulukonazol, yawanci na kwana 7 zuwa 14. Mikonazol da fulukonazol suna iya ƙara ƙarfin wasu magungunan suga irin su gilibenkilamid da gilikilazid har suga ya faɗi ƙasa, kuma suna da haɗari ga mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Ruwan nistatin kuma yakan ƙunshi sukari. Saboda haka a nuna wa likita duk magungunan da ake sha kafin ya rubuta, kuma idan mako 2 ya wuce wurin bai warke ba, ko aka ga farin tabo da ba ya goguwa, a koma a sake dubawa.