Ƙuri'ar Tawa a zaɓen shugaban ƙasa: daga rumfa zuwa Yamai

Duk lokacin da aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Nijar, za ka ji ana cewa wane ya ci Tawa, wane ya ci Damagaram. Magana ce ta fada da ta rediyo, amma a doka babu wani abu mai suna cin jiha. Ƙasar gaba ɗaya mazaɓa ce guda. Ƙuri'ar mai noman albasa a Galmi da ta makiyayi a Tasara da ta ɗan kasuwa a Yamai duk wuri ɗaya ake zuba su a ƙirga. Wanda ya zo na ɗaya a jihar Tawa ba ya kwashe ƙuri'un wanda ya zo na biyu, kowa da abin da ya samu yake isa Yamai.

Dole a faɗi wannan tun da fari saboda maƙwabtaka. Mutanen Ƙonni da Madawa suna bin siyasar Najeriya kamar tasu, kuma can sai ɗan takara ya haɗa abu biyu: ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. A Nijar babu wannan sharaɗi. Mutum zai iya faɗuwa warwas a jihohi da dama ya kuma zama shugaba, muddin jimillarsa ta ƙasa ta kai.

Ƙa'idojin da muke bayani a nan su ne na tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 da kundin zaɓe na 2017 wanda aka yi wa gyara a 2019, waɗanda da su aka yi zaɓen 2020 da 2021. Sojoji sun jingine tsarin mulkin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma a watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, aka ɗiba wa'adin shekara biyar na sake gina ƙasa. Saboda haka wannan shi ne tsari na ƙarshe da aka yi aiki da shi, kuma da shi za a gwada duk wanda zai biyo baya.

Zaɓen zagaye biyu ne. A zagaye na farko sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un da aka karɓa a matsayin sahihai kafin a ce ya ci. In babu wanda ya kai, biyun da ke kan gaba su sake karawa, wanda ya fi yawa ya ɗauka. A lura da sahihai ɗin nan. Ba a lissafi da yawan waɗanda suka yi rajista, ba a kuma lissafi da yawan waɗanda suka fito. A ce mutum 300 sun jefa ƙuri'a a wata rumfa ta Buza, 25 suka lalace ko aka jefa su ba a dangwala ba, to lissafi a kan 275 yake. Haka ake yi har sama. A zagayen 27 ga Disamba 2020 ƴan takara 30 suka tsaya, Bazoum Mohamed ya samu kimanin kashi 39, Mahamane Ousmane kimanin kashi 17, aka tafi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021. Kuma zuwa na ɗaya a zagayen farko ba tabbas ba ne: a 1993 Tandja Mamadou ne ke gaba, amma ƙawancen jam'iyyu ya kai Mahamane Ousmane fada.

To in jiha ba ta da kujera a lissafi, me ya sa ake rububin Tawa? Yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sa ta cikin jihohi uku mafi yawan mutane tare da Damagaram da Maraɗi, kowace ta haura miliyan uku, alhali Yamai ba ta wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba. Abin da jam'iyya ke nema a jiha irin wannan shi ne tazara da fitowar jama'a. Rinjayen kashi 55 a Tawa da rinjayen kashi 80 duk "cin Tawa" ne a bakin mutane, amma bambancinsu dubban ɗaruruwan ƙuri'u ne, waɗanda za su iya share faɗuwar da aka yi a babban birni. Abin da ya faru a 2021 ke nan: Yamai ta bi Ousmane, Tawa kuwa, mahaifar shugaban ƙasa mai barin gado Issoufou Mahamadou ɗan Dandaji ta gundumar Illela kuma cibiyar jam'iyyarsu shi da Bazoum, PNDS-Tarayya, ta ba Bazoum rinjaye mai yawa.

Takara ba ta bi ta jiha. Takardu suna zuwa ma'aikatar cikin gida a Yamai, kotun tsarin mulki ta tantance. A zaɓen 2020 an buƙaci shekara 35, zama ɗan ƙasa na asali, da kuɗin ajiya miliyan 25 na sefa. Wa'adi shekara biyar ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya tak.

Aikin jiha yana farawa ne daga rajista, kuma a nan ne mafi yawan ƙuri'u ke ɓacewa tun kafin ranar zaɓe. A 2020 aka fara amfani da kundin rajista mai hoto da zanen yatsa, wanda ya ƙunshi mutum kusan miliyan 7.4. Wanda ya kai shekara 18 sai ya je da kansa a ɗauke shi hoto, ya kuma nuna takardar shaida. A ƙauyukan Adar da rugagen Azawak mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, shi ya sa aka riƙa zaman alƙalai na tafi-da-gidanka ana ba da ita kafin masu rajista su iso. Sai kuma matsalar bida. Samarin Keita da Buza da Illela suna fita da zarar an gama girbi, su nufi Abijan ko Najeriya ko Libiya, zaɓe kuwa cikin ɗari ake yi. Wanda ya tafi bai yi rajista ba, babu shi a jerin sunaye. Wanda ya yi rajista ya tafi, katinsa na nan yana jira, kuma irin waɗannan katuna ne ake yawan zargin an yi amfani da su. Ƴan Nijar mazauna waje ma ba su yi zaɓen 2020 ba, domin annobar korona ta hana a yi musu rajista.

Akwai dalilin da ya sa aka matsa kan katin mai hoto. A zaɓen 2016 an amince mutumin da sunansa ke cikin jeri amma ba shi da takarda ya yi zaɓe in mutum biyu sun shaide shi. Ƴan adawa sun yi tir da hakan, suka ce ƙofar maguɗi ce. Masu goyon baya suka ce in an hana, an kori talakan ƙauye. Duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu, kuma jihohi irin Tawa ne abin ya fi shafa.

A wancan tsari, hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, tana da rassa a jiha da gunduma da ƙaramar hukuma, galibi alƙalai ke jagorantar su. Gwamna da shugabannin gundumomi nasu taimako da tsaro ne, ba su da hannu a ƙirga. Tawa tana da gundumomi 12, daga Ƙonni da Malbaza da Madawa a kudu har Cintabaraden da Tasara da Tiliya a arewa, ga birnin Tawa kansa mai da'ira biyu. Kai akwati rumfar da ke bakin kwalta a Tsarnawa aikin sa'a guda ne. Kai shi wata rijiya a arewacin Abalak sai da mota mai ƙarfi, da mai, da rakiyar sojoji, balle ma Tasara da Tiliya da aka sa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. In kaya suka makara sai a makara buɗewa. A Fabrairu 2016 sai da aka ci gaba da zaɓe washegari a wasu yankuna, har da na Tawa, saboda kayan aiki ba su isa ba.

Yaƙin neman zaɓe kwana 21 ne a zagayen farko, a rufe da tsakar dare, a bar yini guda babu gangami kafin ranar. Doka ta hana sarakunan gargajiya da jami'an tsaro da alƙalai shiga kamfe, ta kuma hana amfani da kayan gwamnati. Kowa ya san wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar tsarewa: mai gari ba sai ya hau mumbari ba, wanda ya sauka a gidansa ya isa saƙo.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa da ƙarfe 8 na safe a rufe da 7 na yamma, mafi yawa a ajin lakwal. In an makara buɗewa ana ƙara lokaci. Rumfuna kusan 26,000 aka kafa a ƙasar a 2020, wato a matsakaici mutum ƙasa da 300 a kowace. A ciki akwai shugaban rumfa da magatakarda da mataimaka, sai wakilan ƴan takara da masu sa ido. Kafin mutum na farko ya shiga, a buɗe akwatin kowa ya ga babu komai, sannan a ɗaure shi da hatimi mai lamba. Mai zaɓe ya miƙa kati, a duba sunansa, a ba shi takarda guda mai hotuna da alamomin dukkan ƴan takara, ya shiga bayan labule ya dangwala a gurbi ɗaya, ya naɗe ya jefa, ya sa hannu ko yatsa a jerin sunaye, a shafa masa tawadar da ba ta fita da wuri. Takarda mai hotuna 30 tana rikitar da wanda bai saba ba. Dangwale biyu ya lalata ta. Haka ma in tawada ta yi yawa aka naɗe takardar ta bugu a wani gurbi, gardama ta tashi. A Disamba 2020 an haɗa da zaɓen ƴan majalisa rana ɗaya, abin da ya ninka aikin rumfa da na ƙirga.

Ana ƙirga a rumfar, a bainar jama'a, sau da yawa da fitila. A fara da ƙirga waɗanda suka sa hannu, a gwada da takardun da ke cikin akwati, sannan a ware na kowa. A rubuta komai a takardar sakamako wadda ma'aikata ke kira PV, membobin rumfa su sa hannu, wakilin kowane ɗan takara ya karɓi shaidar alƙaluman. A ganinmu nan ne zaɓen yake, domin duk abin da zai biyo baya tarawa ce kawai. Wakilin da ya ga ba daidai ba, haƙƙinsa ne a rubuta ƙorafinsa a cikin takardar nan take. Wanda ya tafi cin tuwo kafin a gama, ko ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, ya bar jam'iyyarsa hannu rabbana. Kuma jam'iyyu ƙalilan ne ke iya ciyar da wakili a kowace rumfa, musamman a yankin makiyaya, inda rumfa ke nesa da idon kowa. Shi ya sa rigima kan alƙaluman arewa ba ta ƙarewa.

Daga rumfa takardu su tafi reshen CENI na ƙaramar hukuma a tara, su bi ta gunduma da jiha zuwa Yamai, inda aka riƙa karanta sakamako ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a Palais des Congrès, rediyo da talabijin na watsawa. A nan mutane ke ruɗewa. Na birane ne ke fara isowa, na daji su zo daga baya, don haka wanda ke gaba a daren farko ba lallai ya kasance gaba a rana ta uku ba. Kurakuran da aka fi samu ma na lissafi ne: jimillar ƴan takara ba ta yi daidai da sahihan ƙuri'u ba, masu zaɓe sun fi masu rajista yawa, ko takarda ta iso babu sa hannu. Wani lokaci ƙarin yana da dalili, tunda ma'aikatan rumfa da jami'an tsaro suna jefa tasu inda aka tura su, amma dole a rubuta su daban.

Abin da CENI ta faɗa na wucin gadi ne. Ta bayyana na zagayen farko ranar 2 ga Janairu 2021, na biyu ranar 23 ga Fabrairu, ta ba Bazoum kashi 55.75. Ousmane ya ƙi amincewa, ya ce an yi maguɗi, aka yi tarzoma a Yamai. Amma babu alƙali a Tawa ko Ƙonni da ke da hurumin taɓa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Kotun tsarin mulki mai membobi bakwai ce kaɗai ke duba takardun rumfuna, ta saurari ƙorafi, ta soke abin da ta ga ya saɓa, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka shi. Da hujja a rubuce take aiki: sunan rumfa, lambarta, da takardar da wakili ya karɓa. Ranar 21 ga Maris 2021, bayan ta soke sakamakon wasu rumfuna, ta tabbatar da kashi 55.66, aka rantsar da sabon shugaba ranar 2 ga Afrilu.