Dokar Lantarki ta 2023: me ta ce a kan ruwan Tiga da wutar Kano?

Idan wuta ta ɗauke a Ƙofar Ruwa, mai walda ya ajiye ƙarfensa ya nufi janareto, abin da za ka ji shi ne "NEPA sun ɗauke". Alhali tun 2005 aka rushe NEPA. Wutar kuma ta yi doguwar tafiya kafin ta iso shagonsa. Mafi yawanta daga tashoshin iskar gas take fitowa, sauran kuma daga madatsun ruwa: Kainji da aka buɗe a 1968 mai megawat 760, da Jebba, da Shiroro mai megawat 600 a kan Kogin Kaduna, sai Zungeru mai 700. Duk wannan wuta ana zuba ta a babban layin ƙasa, kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta ya kawo ta tashar Kumbotso, kamfanin KEDCO ya raba wa Kano da Katsina da Jigawa.

A da, duk yankin da babban layin ya shiga, harkar wutarsa ta gwamnatin tarayya ce. Gyaran tsarin mulki da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ne ya cire wannan takunkumi, sannan Tinubu ya rattaba hannu a kan Dokar Lantarki a watan Yuni. Yanzu jiha na da ikon samar da wuta da ɗaukar ta da sayar da ita a cikin iyakarta. Sai dai akwai sharaɗi. Dole majalisar jihar ta yi tata dokar, a kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasisi da tsayar da farashi, a sanar da NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar lantarki, kafin a miƙa mata ragama. Wutar da ta tsallaka iyakar jiha kuwa tana nan a hannun NERC.

Wannan ne ya sa nake yawan tuna Tiga. Tun zamanin Audu Baƙo aka gina dam ɗin, kuma tashar da jihar ta kafa a jikinsa megawat 10 ce, wadda aka tsara domin injinan ruwa na Tamburawa da fitilun titi. Megawat 10 ba za ta tayar da masana'antun Bompai da Sharaɗa ba, gaskiya ne. Amma duk wanda ya zauna a Kano a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna muka shafe kwanaki cikin duhu, masu ƙanƙara suka rufe, farashin ruwan 'yan garuwa ya tashi, ya san darajar wutar da ba sai ta ratso daji ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne iko a kan wuta dokar ta ba jiha, ba a kan ruwa ba. Dam ɗin Tiga yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya, kuma da ruwansa manoman Kadawa ke noman rani, ragowar ta gangara Haɗeja. Injin ba ya juyawa sai an saki ruwa, saboda haka sai jihar da hukumar sun daidaita kan yaushe za a buɗe ƙofa da kuma yawan abin da za a saki.