Gargaɗin Lafiya ga Mai Shirin Hutun Hunturu na Farko a Chamonix

Daga Disamba zuwa Maris, ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Turai, har da masu hali da ke tasowa daga gida, sukan nufi tsaunukan Alps domin ganin dusar ƙanƙara. Chamonix, garin da ke gindin tsaunin Mont Blanc a Faransa, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, yana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa. A matsayina na ma'aikacin lafiya, abin da ya fi damuna shi ne yawanci ana yi wa sanyi tanadi, amma ba a yi wa tsayin wurin.

Garin kansa yana bisa tsayin kimanin mita 1,035 daga teku, bai ma kai Jos ba. Haɗarin yana can sama, domin motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe tana kai mutum Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, cikin kimanin minti 20. A wannan tsayi, iskar oksijin da kowane numfashi ke kawowa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma jiki bai sami lokacin sabawa ba. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, ya sauko nan take.

Ina roƙon masu ciwon sikila da iyayensu su ɗauki wannan batu da muhimmanci. Sanyi da ƙarancin oksijin da ƙarancin ruwa a jiki, kowannensu yana iya tayar da ciwon, a kan tsauni kuwa duka ukun ne suke haɗuwa. Mai SS ya ga likitansa tun kafin a sayi tikiti, kuma shawarata ita ce ya tsaya a cikin gari. Mai AS ma, wato mai ɗauke da gadon sikila daga ɗaya cikin iyaye kaɗai, wanda wataƙila bai taɓa kwanciya ba, jini yana iya toshewa a saifarsa idan ya hau sama sosai. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Wannan na asibiti ne, kuma a gaya wa likita cewa mutumin AS ne ko SS, domin ba lalle ne ya tambaya ba.

Game da sutura, a sa riguna hawa uku, ta ciki kada ta zama ta auduga, saboda auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Bayan alwala a tsane hannu da ƙafa sosai kafin a sa safa a fita. Idan yatsa ya daskare, ya yi tauri, ya daina jin taɓi, kada a murza shi kuma kada a kanga shi a wuta. A shiga ɗaki, a tsoma shi a ruwa mai ɗumi, a nemi likita. A riƙa shan ruwa ko da ba a jin ƙishirwa, a kuma sa baƙin tabarau, domin hasken rana da ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona ido.

Kafin tafiya a duba ko inshorar lafiya ta haɗa da wasan zamiya a kan ƙanƙara, domin a filayen wasan na Faransa wanda aka ɗauko bayan ya ji rauni shi ake cajin kuɗin ceto. Lambar kiran gaggawa ita ce 112, a ajiye ta a wayar kowa, har da yara.