Waiwaye: yadda muryar Shata ta iso mana ƙauye

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ina zaune a rumfar mai cajin waya, wani saurayi ya miƙa memori ya ce a zuba masa "na tsofaffi". Aka zuba masa Shata. Da ya kunna, babu sunan waƙa ko ɗaya, sai lambobi a jere. Ya juyo ya ce da ni, "Baba, wai shi wannan Garban Bichin wane ne?"

Tambayar ta mai da ni baya. Mu da muka tashi a ƙauyukan Gumel ba a filin wasa muka san Alhaji Mamman Shata ba, a rediyo muka san shi. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, akwati ɗaya ne a ƙofar gidan mai unguwa, batir ɗinsa kuma sai an shanya a rana in ya yi sanyi. Da kalangu ya tashi, hira ta mutu. Daga baya kaset ya zo, direbobin manyan motoci suka zama masu yaɗa shi, don kusan duk motar da ta ɗauko shanu zuwa kudu da Shata take tafiya.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, shi ma da tallan goro da alewa ya fara. Ina jin zaman kasuwar nan ne ya ba shi kunnen da ya fi na kowa. Bai zama mawaƙin fada ɗaya ba kamar yadda aka saba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi, ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba a 1969. Ba ya rubutawa. Yana tsaye 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa, shi kuwa yana ɗinka baiti nan take, ya kira mutum da ubansa da garinsu da sana'arsa, wani lokacin ya soka habaicin da sai ka kwana ka tashi za ka gane inda aka dosa.

Abin da nake ƙauna a waƙarsa ke nan, kuma shi ne memori yake cinyewa. A zamanin rediyo, waƙa na ƙarewa dattijai za su ɗora, wane ɗan wane ne, ga abin da ya haɗa shi da Shata, ga kyautar da ya yi. Rabin daɗin a sharhin yake. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, masu sharhin nan kuma suna ta bin sa ɗaya bayan ɗaya.

Na fara ba saurayin labarin Garban Bichi, yana saurare da kunne ɗaya, sai yaron mota ya ƙwala kiran Gumel saura mutum ɗaya. Ya zare memorinsa ya ruga.